Injin Barcin Maigida Da Warin Taba A Kan Hanya

Yau maganarmu a kan wani baƙon kaya ne da ya fara shiga ɗakunanmu a nan Katsina, watau injin nan da likita kan rubuta wa mai ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci. Ba kowane gida ke da shi ba tukuna, amma in aka bincika daga Ƙofar Sauri har Ƙofar Ƙaura ba za a rasa ɗakin da ya ke zaune kan durowa a gefen gado ba. Kun kuwa san yadda sha'anin gida ya ke. Ko na maigida ne, ko na surukarki ne, wankinsa da adana shi da ɗaure shi ran tafiya duk a wuyan uwargida su kan faɗa. Saboda haka maganar tamu ce.

Bari in fara da ciwon, don wadda ba ta san shi ba. Ba kowane minshari ne ciwo ba. Amma akwai mai minsharin da za ki ji ya yi tsit kamar an toshe masa baki, ki ƙirga goma ko fiye, sa'an nan ya yi firgigit ya ja iska da ƙarfi, ya koma barci bai ma san abin da ya faru ba. Naman maƙogwaro ne kan saki in barci ya yi nauyi, ya rufe hanyar iska. In abin ya kai sau 30 cikin awa guda, likitoci sun ce ya yi tsanani. Irin wannan mutum ya kan tashi da ciwon kai, ya yini yana gyangyaɗi, hawan jini ya ƙi jin magani, in kuwa direba ne sai mu ce Allah ya kiyaye. Kada ki ce na maza ne kaɗai. Mu ma ya kan same mu, tun ba in ƙiba ta zo ba, ko bayan al'ada ta ɗauke.

Injin, likitoci na kiransa sifaf. Wani likita ne mai suna Colin Sullivan ya ƙago shi a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, ya gwada shi a 1980, ya bayyana wa duniya a 1981. Ba wani abin tsoro ba ne. Ɗan akwati ne mai fanka a ciki, da tiyo, da takunkumi na roba mai laushi da a ke ɗaurawa a hanci. Fankar na tura iska a hankali, iskar ta tokare maƙogwaro ya kasa rufewa. Yawancinsu suna da ɗan tankin ruwa kuma, don kada iskar ta busar da hanci.

To, ga inda gizo ke saƙa. Mutane da yawa suna tsammani injin nan iska ya ke yi, ko kuwa tsarkake ta ya ke yi. Ko kusa! Ba shi da wata iska sai ta ɗakin da aka ajiye shi. Ita ya ke zuƙa ta wata 'yar kafa a baya ko a gefe, ya tura wa mai barci. Ba kaɗan ba kuwa. In aka yi masa matsakaicin lissafi, a ce lita 30 ke ratsa shi a minti guda, cikin awa 7 an tasam ma lita 12,600, watau fiye da jarka 500 irin ta 'yan ga-ruwa. Duk abin da ke cikin wannan iska sai ya bi ta cikinsa. Gaskiya ne akwai ɗan mataci fari a bakin kafar, amma aikinsa tare ƙura ne da gashi da auduga. Hayaƙi ya fi ƙarfinsa, wari kuwa wucewa ya ke yi kamar ruwa a rariya.

Hayaƙin taba sigari kuma ba irin sauran hayaƙi ba ne. Masu bincike sun ƙirga sinadari fiye da 7,000 a cikinsa, kusan 70 daga ciki suna jawo ciwon daji. Yana da danƙo da maiƙo. Ki dubi yatsun wanda ya daɗe yana sha, ko labulen ɗakinsa, za ki ga sun yi ɗorawa-ɗorawa. Wannan danƙo shi ke liƙewa a jikin tiyo da takunkumi, zama roba mai laushi tana shan wari kamar yadda sabuwar tukunya ke shan ruwa. Waɗannan dai da sauƙi, ana wanke su, in sun ƙi a canza. Abin da ya fi muni shi ne, a can cikin akwatin akwai soso da masu ƙira suka sa don rage ƙarar fanka. Ba ki ganinsa, hannunki ba ya kai gare shi, ruwa kuma ba ya shiga wurin. In wari ya zauna cikin wannan soso, to ya sami gida. Dare ɗaya a ɗakin mashayi ya isa ya sa a yi makonni ana shaƙar warin, a gida, a ɗakin da ba a taɓa kunna ashana don taba ba. Daga nan sai maigida ya fara tari da toshewar hanci, ya fara cire takunkumi da tsakar dare, ran nan sai ki ji ya ce shi ya gaji da abin nan. Asarar ke nan ta gaske, gama injin da ke cikin kwali ba ya maganin kowa.

A gida kina da iko da ɗakinki. A kan hanya ne ikon ke kuɓuce miki, don haka tun daren tafiya a ke fara shiri.

Ki zubar da ruwan tankin ƙaf, ki goge shi ya bushe. Wannan tilas ne ko ba don wari ba, zama in ruwa ya kwarara cikin injin sa'ad da mota ke tsalle a rami, ya lalace. Ki wanke takunkumi da tiyo tun da safe don su bushe sarai, gama abu mai danshi in an ɗaure shi cikin leda sai ya yi fumfuna, kin gudu daga wani wari kin faɗa wani. Sa'an nan ki nemi leda mai kauri, sabuwa, irin mai zif ɗin nan in ta samu. Akwatin tasa daban, tiyo da takunkumi tasu daban. Ki matse iskar ciki, ki ɗaure baki tam. Bayan haka ki sa su cikin jakarsu. Kada ki dogara ga jakar kaɗai, yadi ce, ita kanta shan wari ta ke yi. Kada kuma ki ɗauko ledar da aka taɓa zuba daddawa ko kifi ko yaji, kin san dalili.

Doka tana bayanki a mota. Tun 2015 Nijeriya ta yi dokar taƙaita shan taba, wadda ta hana sha a motocin haya da wuraren taruwar jama'a. Amma doka daban, tasha daban. Za ki tarar da yaran mota suna busawa a gindin but sa'ad da a ke lodi, wani direban kuma da an fita gari sai ya sauke gilashi ya kunna abinsa. Daga nan zuwa Kano wajen kilomita 170 ne, tafiyar da ta isa kaya su sha hayaƙi su ƙoshi. Ni dai shawarata, kada jakar injin ta shiga but ko kaɗan. A can ne a ke cusa jarkar fetur da buhun albasa da kaji, can ne kuma hayaƙin salansa ke shiga. Ki rungume ta a cinya kamar jariri, ko ki sa ta ƙarƙashin mayafinki. In yaron mota ya ce, “Hajiya, kawo a sa a baya,” ki ce masa, “A'a ɗana, kayan asibiti ne.” Ba wanda zai ja da ke. In direba ya kunna taba, ki yi masa magana da girmamawa, ki ce, “Malam direba, don Allah a taimaka, akwai mara lafiya.” Sau da yawa za ki ga sauran fasinja sun goya miki baya, dama neman mai farawa su ke yi.

Zafi ma abokin gaba ne. A watan Afrilu da Mayu zafin Katsina kan haura 40 a ma'auni, cikin mota rufaffiya kuwa ya fi haka nesa. Zafi na sa roba ta buɗe ta ƙara shan wari, yana kuma cin soson ciki. Ba tatsuniya ba ce. A watan Yuni na 2021 kamfanin Philips ya yi kiran a dawo da miliyoyin injinansa, don an gano soson da ke cikinsu yana iya rududdugewa mai barci ya shaƙi garinsa, kuma aka ce zafi da laima suna gaggauta abin. In injinku na wannan kamfani ne kuma tsoho ne, musamman in na hannu aka saya ko wani ya aiko da shi daga waje, ku kai wa likita lambarsa ya duba.

Sai masauki. In otal ne, tun a wurin biyan kuɗi maigida ya ce ɗakin da ba a shan taba ya ke so. Amma kada ki yarda da faɗar baki, ki shiga da hancinki. Wani malami mai suna Georg Matt da abokan aikinsa a birnin San Diyego na Amurka sun auna ɗakunan otal, suka bayyana a 2013 cewa otal ɗin da ya ware waɗansu ɗakuna don mashaya, har ɗakunan da aka ce ba a sha an sami ragowar taba a bango da tebur da iska. In haka ta faru a can inda a ke sa ido, ina ga nan? Ki sansana labule, shi ba ya ƙarya. Ki dubi bakin tebur da bakin tagar banɗaki ko akwai tabon ƙuna. In kika shiga kika ji an fesa turare ya yi yawa har yana hawa kai, ki yi zargi, wani abu a ke rufewa. Ki ce a canza ɗaki tun ba ku kwance kaya ba, don in an kwance an zauna, magana ta yi wuya.

In babu wani ɗakin, dare kuma ya yi, to ba a fasa sa inji saboda wari. Kwana ba inji ya fi haɗari ga mai ciwo mai tsanani. Ki buɗe tagogi, ki kunna fanka, iska ta ratsa kamar awa guda kafin a kwanta. Kada ki ajiye injin kan kafet ko kusa da labule, nan ne wari ya fi taruwa. Ki shimfiɗa tsabtataccen ɗankwalinki kan tebur ko kujera, ki ɗora shi, kafar shan iskarsa tana duban fili. Sai an zo kwanciya za ki fid da shi daga leda, da asuba kuma ki zubar da ruwa, ki goge, ki mayar. Kada ki rufe shi da zane yana aiki wai don ki kare shi, toshe masa numfashi za ki yi ya yi zafi. Da kun bar wurin ki jefar da matacin da ya kwana a ɗakin, ki sa sabo.

Gidan dangi ya fi otal wuya, don can kunya ke ɗaure baki. An je biki Maraɗi ko Daura, an sauke maigida a ɗakin ƙofar gida tare da maza biyar, cikinsu akwai kawunsa ko wansa mai sha. Ke ba ki da bakin cewa, “Kawu, a kashe taba.” Ba kuma aikinki ba ne. Tun a gida za ki tuna wa maigida ya yi wa mai masauki bayani kafin a iso: likita ya ɗora shi kan inji, yana bukatar wurin da akwai soket kuma ba hayaƙi. Mai gida in ya ji haka tun da wuri, shi zai san yadda zai raba baƙinsa ba tare da kowa ya ji an muzanta shi ba. Ku kuma sani, ko mashayin ya fita waje ya sha, rigarsa da hularsa suna ɗauke da wari. Kada a rataye su bisa injin. In kuwa mai ciwon yana haɗawa da tukunyar iskar asibiti, wannan ba maganar wari ba ce kuma, maganar gobara ce. Ba taba, ba ashana, ba garwashi a ɗakin, ko wane ne zai ji haushi.

Yanzu bari in juyo kanmu, kada mu yi ta ganin laifin mashaya. Wace ce a cikinmu za ta ji ɗaki na warin taba ba ta ce a kawo kasko ba? Mun gaji haka, kuma abu ne mai kyau a inda ya dace. Amma ga injin nan turaren wuta hayaƙi ne kawai, bai san na Barno mai tsada da na tasha ba. Har ma turarenmu ya fi kama jiki, zama da mai da sukari da ƙaro a ke haɗa shi don ya liƙe a tufa ya daɗe. Abin da ya sa zanenki ke ƙamshi bayan kwana uku da ɗora shi kan kabbasa, shi zai sa soson injin ya riƙe. Kina iya cewa ai ƙamshi ne, me ya ɓaci? Ƙamshin da a ke jin daɗinsa in an shigo ɗaki daban ne da wanda a ke tura wa mutum cikin hanci da ƙarfin fanka har awa 7. Kuma turare ba ya korar warin taba, hawa kansa ya ke yi, su gauraya su zama abin da ya fi kowannensu tayar da zuciya. Saboda haka kada ki turara ɗaki injin na waje, kada ki ɗiga humra ko man turare a tankin ruwa, kada ki fesa kome a mataci. In za ki yi turarenki, ki yi da rana, injin na cikin leda cikin durowa, ki bar hayaƙin ya fita sarai kafin dare.

Haka maganin sauro mai hayaƙi, da na fesawa. A tafiya ki riƙe gidan sauro, ya fi. Janareta kuwa ya wuce batun wari, gama hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari mai kisa cikin barci, mataci kuma ba ya tare ta. In masaukinku tagarsa na duban inda a ke tayar da janareta, a rufe wannan taga ko a canza ɗaki.

Masu niyyar Hajji ko Umra, ku naku shirin ya fi yawa. Ku karɓi takarda daga likita mai bayyana ciwon da injin, da Turanci, ku kuma sanar da jami'an lafiya na hukumar alhazai tun wajen gwaji. A filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa ko na Malam Aminu Kano, injin a hannu a ke riƙe shi, ba ya bin manyan jakunkuna. In masu bincike suka ce a fid da shi, ledar nan mai haske za ta yi miki rana, ya bi ta na'urarsu bai taɓa tiren da kowa ke zuba takalmi ba. In kuna da batirinsa, shi ma a hannu ya ke tafiya, ku tambayi kamfanin jirgin girman da ya yarda da shi. Batun wuta ba damuwa, yawancin injinan suna karɓar daga 100 zuwa 240, ki duba a rubuce a jikin cajarsa. An hana shan taba a harabar masallatan Makka da Madina, amma a masauki mutum huɗu ko biyar ke tarayya a ɗaki, kuma mai sha ya kan laɓe a banɗaki ko matakala. Tun a Katsina, lokacin da a ke haɗa abokan ɗaki, maigida ya nemi a haɗa shi da waɗanda ba su sha. Can ma ƙasar turaren wuta ce, ku kula.

To, in an yi duk wannan amma aka dawo gida da wari fa? Kada ki firgita, ki fara da abin da ke wankuwa. Ki cire mataci ki yar. Takunkumi da madaurinsa da tiyo da tanki, ki jiƙa su cikin ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, da sabulu marar ƙamshi, irin na wanke kwanuka ko na jarirai. Ki cika tiyo da ruwan sabulun, ki toshe bakinsa biyu da hannu ki girgiza, ki ɗauraye sosai, ki rataye shi a inuwa bakinsa na duban ƙasa. Ban da rana, tana busar da roba ta tsage. Ban da madafa kuma, kada ki wanke warin taba ki saye na itace. Tankin ana iya jiƙa shi da ruwan khal fari da aka sirka da ruwa mai yawa, sa'an nan a ɗauraye. Kada ki sa bilic, ko Dettol, ko Izal, ko garin sabulun wanki mai ƙamshi. Suna cin robar, ragowarsu kuma huhu za ta. Jakar ma ki wanke ta, don in kin manta da ita za ta mayar da warin ga kayan da kika sha wahalar wankewa.

Akwatin kansa, ki cire shi daga wuta, ki goge bayansa da tsumma mai ɗan danshi, shi ke nan. Sa'an nan ki sa sabon mataci, ki kai shi ɗaki mai tsabtar iska, ki kunna shi ya yi ta hurawa kamar awa ɗaya ko biyu ba kowa a jikinsa, ki maimaita kwana biyu ko uku. Wari mai sauƙi ya kan tafi da haka. A lokacin hunturu ki zaɓi sa'ar da ƙura ta lafa. Akwai waɗansu na'urori da a ke talla wai suna tsabtace injin da wata iska mai suna ozon. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ja kunnen jama'a cewa ba ta amince da su ba, iskar kuma tana ƙona hanci da ƙirji. Ki riƙe kuɗinki.

In an yi mako biyu wari na nan, ya shiga soso ke nan. Kada ki ba mai gyaran rediyo ya buɗe, zai iya taɓa ma'aunin ƙarfin iskar da likita ya saita, ku kuwa ba za ku gane ba. Ku koma wurin wanda ya sayar muku, ko wurin likitan da ya rubuta shi, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ne ko a na Malam Aminu Kano. Kafin nan maigida ya ci gaba da sa abinsa, sai fa in yana sa shi tari ko shaƙewa, wannan kam a gaggauta zuwa asibiti.

Abu biyu ne ba a samu a kowace kasuwa, ki tanade su tun tafiya na nesa. Na farko ruwan tanki. Tataccen ruwa na kemis a ke so, wanda aka tace ta hanyar tururi. In ya yanke a hanya, ruwan gora ya yi na 'yan kwanaki, sai dai ya bar farin gishiri a tankin, ki wanke. Ruwan batir na bakin titi kam kada ki kusance shi, ba ki san abin da aka zuba ciki ba. Na biyu mataci. Kowane inji da irin nasa, na wannan ba ya shiga wancan, don haka ki tafi da tsohon a hannu wajen saye. Tafiyar kwana uku, ki riƙe biyu. Ta Hajji, da a kan yi wata guda ko fiye, ki riƙe huɗu ko biyar, ki ƙulle su cikin 'yar ledarsu daban, ki sa a aljihun jakar na ciki.